Cokulan auna "ɗan kaɗan": sun cancanci kuɗinsu?

Cokula biyar ne a zobe ɗaya, irin zoben da ake rataya makullai. Na silba ne, ƙanana ƙwarai. Babban cikinsu faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, autansu kuwa ƙwayar dawa biyu zuwa uku ta cika shi. Na same su a wani shagon kayan kek a cikin Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, wajen masu sayar da gwangwanin gashi da takardar naɗe kek. Mai shagon ya ce 6,000, muka yi ta ja har muka tsaya a naira 4,500. Babu sunan kamfani a jiki, ledar kawai ta nuna daga Sin aka kawo su.

A hannun kowane cokali an zana suna da Turanci, da lissafinsa a gefe. Na farko Tad, kwatan ƙaramin cokalin shayi. Na biyu Dash, ɗaya bisa 8. Sai Pinch, ɗaya bisa 16, sai Smidgen, ɗaya bisa 32, sai Drop, ɗaya bisa 64. Wato kowanne rabin na gaba da shi ne. Da yake cokalin shayi na awo mililita 5 yake ci, Tad ya kama mililita ɗaya da kwata ke nan, Pinch kuma bai kai sulusin mililita ba.

Duk waɗannan sunaye biyar, in kika tambayi Bature, "ɗan kaɗan" suke nufi. Ba awo ba ne tun asali, magana ce ta baki kamar yadda muke cewa ƙiris ko ɗis. Masu ƙera kayan kicin ne suka zauna suka raba wa kowace kalma lissafi don su samu abin sayarwa, kuma babu wata hukumar awo da ta sa hannu. Amma Turawan Amurka dama sun daɗe da wannan ɗabi'a ta auna komai. Tun 1896 wata malamar girki a birnin Boston, Fannie Farmer, ta fitar da littafinta inda ta dage cewa cokali da kofi a shafe bakinsu daidai, kada a yi tozo. Waɗannan cokulan jikokin wannan ra'ayin ne.

Sana'ata kayan gara ce da na biki, a nan Badarawa: alkaki, dubulan, gireba, nakiya, cincin, kek. Ina da 'yan mata masu koyo, kuma saboda su na sayi cokulan. Duk mai koyar da girki ta san tambayar nan da ba ta ƙarewa: "Anti, kaɗan ɗin kamar yaya?" Ki ce ta sa kanwa kaɗan a kwaɓin alkaki, ki juya baya, ki dawo ki tarar ya yi duhu yana warin kanwa. In kin yi faɗa ta ce, "Wallahi Anti kaɗan na sa." Kuma gaskiyarta, a idonta kaɗan ne.

Ranar da na kawo su na shimfiɗa baƙar faranti, na kawo gishirin leda mai laushi, na ce kowa ta tsakuro yadda take yi in an ce mata ta sa ɗan gishiri. Nawa da yatsu uku nake ɗiba, babba da manuni da na tsakiya, ina ɗan murzawa kafin in saki. Da muka kwashe shi da takarda muka juye, ya cika Dash har ya yi tozo. Ƙaramar cikin yaran, mai siraran yatsu, da biyu take ɗiba, da bakin farce ma, nata ko Pinch bai cika ba. Surukata tana zaune a tabarma tana kallonmu, na ce, "Inna, zo ki gwada mana naki." Ta zura yatsu huɗu ta kwaso, ya cika Tad ya zube. Ta dube mu ta ce, "To ai wannan shi ne kaɗan. Naku na masu ciwo ne." Tsibi uku a kan faranti ɗaya, na Inna ya ninka na yarinyar fiye da sau huɗu, kuma kowacce "ɗan gishiri" ta sa.

Japanawa sun lura da wannan tuntuni, shi ya sa suka raba abin gida biyu a littattafan girkinsu. Abin da yatsu biyu suka ɗauko suna ce masa shosho, na yatsu uku kuma hitotsumami, kuma mai koyo tun farko ake nuna masa bambancin. Jamusawa da tsinin wuƙa suke aunawa, abin da bakin wuƙar ya ɗauko shi ne Messerspitze. Ni dai na Japan ɗin ya fi burge ni, don ba ya buƙatar a sayi komai.

Inda cokulan suka biya ni kuɗina shi ne wajen abubuwan da ba su da yafiya. Garin kala na farko. Mai yin ado a kan kek ta san jan kala ko shuɗi, in ya wuce da ƙiris, ruwan hodar da amarya ta ce tana so ya koma ja jawur, kuma ba a cirewa, sai dai a ƙara wani kwaɓin a ɓata sukari da bota. Yanzu na rubuta a littafina: ruwan hoda mai haske, Smidgen ɗaya a kwaɓi kaza. Ko na tafi kasuwar Kawo sayayya yaran za su haɗa ya fito iri ɗaya da na jiya. Haka gyaɗar ƙamshi a cincin, haka garin kanumfari, wanda in ya yi yawa yake kashe harshe. Haka bekin foda a dubulan, wanda in ya zarce yake sa shi shan mai ya farfashe a kasko.

Kanwa kuwa sai da dabara. Yawancinmu jiƙa ta muke yi mu tsiyaye ruwan, kuma ƙarfinta ya danganta da irinta, ungurnu daban, ja daban, fara daban, har a cikin iri ɗaya ma ta wannan buhun ba ta zama ɗaya da ta wancan. Abin da na koma yi shi ne in sayi mai ɗan yawa lokaci ɗaya, in daka, in tankaɗe, in zuba a kwalba. In na gano adadin da ya dace da wannan kwalbar, to cokali zai riƙe mini shi har ta ƙare. Sabuwa ta zo, a sake gwaji. Don haka cokalin bai ɗauke miki aikin ɗanɗanawa ba, ya dai hana ki maimaita shi kullum.

Akwai kuma masu tambayata girki ta WhatsApp, wasu suna Abuja, wasu suna ƙasar waje. Da can in na ce "kaɗan" sai a dawo mini da hoton tafin hannu ana tambaya, "Hajiya, haka ya yi?" Yanzu ina cewa kwatan cokalin shayi, ko rabin kwata, magana ta ƙare. Sai dai a kula, cokalin ma ba ɗaya ba ne a duniya. Babban cokali na awo mililita 15 ne a yawancin ƙasashe, amma a Ostareliya 20 ne. Kofin Amurka wajen mililita 240 yake ci, na wasu ƙasashen 250. Mu nan da muke awo da gwangwanin madara da mudu ba mu da bakin yi musu dariya, tunda mudun wata kasuwar ma an bubbuge gindinsa.

To, aibinsu.

Drop ba shi da amfani ko na anini. An yi shi don ruwa, amma ruwa ba ya zama a abu ƙarami haka yadda ake so. Ki ɗiga filebo, ya taru ya yi ƙumbo a kai, ki juya cokalin ya ƙi sauka, sai kin girgiza, rabi ya tafi a jikin silba. Ga shi lissafin ma bai yi daidai da sunan ba. Masu haɗa magani suna ƙirga ɗigo 20 na ruwa a mililita ɗaya, shi kuwa wannan cokalin in kika raba mililita 5 gida 64 za ki ga ya fi ɗigon gaske da kusan rabi. Kwalbar filebo mai tsinin baki ta fi shi aiki nesa ba kusa ba, kala mai kauri kuma tsinken sakace ya ishe ta.

Hannayensu gajeru ne, ba sa kai wa gindin kwalbar yaji sai kin karkata ta. In kika bar su a zoben, kina ɗiba da ɗaya sauran huɗun suna reto suna faɗawa cikin fulawa. In kika cire su, Smidgen da Drop sun shige cikin tarkacen durowa ke nan, sai ranar da Allah ya yi. Zoben kansa ba silba ba ne, damina ɗaya ya yi ja da tsatsa, alhali cokulan suna nan fes. Rubutun kuma an zana shi sama-sama, in gari ya shiga ciki ba ki bambance Dash da Pinch sai kin goge kin kai fuska. Na ɗaura wa kowanne zare mai launi daban, yaran suka koma cewa "mai ja" da "mai kore", sunayen Turancin ma babu mai kiransu.

Sannan daminar Kaduna ba ta raga wa gishiri. Daga Yuli zuwa Satumba yakan jiƙe ya dunƙule, ki ɗiba da Pinch ya manne a ciki ya ƙi fita, ko ya fito a cure ya faɗa wuri ɗaya. Yatsa yana murje shi ya watsa ko'ina, cokali ba ya iyawa. Gishirin buhu mai tsakuwa kuwa ƙwara biyu sun tokare bakin Smidgen. Kuma ko a babban cokali, mai laushi ya fi mai tsakuwa nauyi, don haka awo ɗaya ba ɗanɗano ɗaya ba ne.

Babban abin da nake so mai saye ta gane shi ne waɗannan cokulan ba na miya ba ne. Mai shagon ya ce mini, "Hajiya, da wannan kin huta, miyarki kullum ɗaya." Na san bai taɓa kaɗa kuka ba. Kaɗan ɗinmu tukunya yake bi. Ɗan gishirin da za ki sa a miyar mutum biyu da ɗan gishirin da za a sa a tukunyar biki ƙirar maƙeran Panteka, wadda mata biyu ke saukewa, duk "ɗan" ne, amma na biyun da ludayi ake zuba shi. Ya kuma danganta da abin da ya riga ya shiga: dunƙule nawa aka sa, daddawar mai gishiri ce, naman an tafasa shi da gishiri, tumatirin na rani ne mai zaƙi ko na damina mai tsami. Cokali bai san duk wannan ba. Pinch ɗinsa na jiya shi ne na yau.

Kuma Bahaushiya ba a sunan awo take ajiye adadi ba, a cikin aikin take ajiye shi. In Inna ta ce barbaɗa, kin san gari ne, sama-sama, ya rufe fuskar abincin ba tare da ya taru ba. In ta ce tarfa, ruwa ne ko mai, ki karkata kwalba ki ɗago nan take. Ɗiga bai kai tarfa ba. Lakata na man shanu ne ko zuma, abin da kan yatsa ya ɗauko. Ɓantara na daddawa ne da kanwa. Yayyafa da jiƙaƙƙen hannu ake yi. Tsakura, gutsura, dangwala, kowanne da kayan da yake tafiya da shi da yadda hannu zai motsa. Yarinyar da ta tashi a gindin murhu ba ta buƙatar a ce mata nawa, kalmar ta riga ta gaya mata. Matsalar 'yan matan yanzu ita ce da yawa ba su tashi a gindin murhun ba, daga makaranta sai waya, shi ya sa ni ma na koma sayen cokali.

Ba mu kaɗai muke barin abin a hannun mai girki ba. Italiyawa, da duk duniya ke yabon abincinsu, suna rubuta haruffa biyu kawai a gaban gishiri, q.b., wato quanto basta, gwargwadon abin da ya isa. Littattafan Sin cike suke da shiliang, daidai misali. Turkawa suna cewa göz kararı, hukuncin ido, in ana kwaɓi kuma su ce a sa fulawa iya wadda ya sha, har laushinsa ya zama kamar fatar kunne. Na gwada wannan na fatar kunnen a kwaɓin cincin, na taɓa kunnena na taɓa kwaɓin, kuma wallahi awo ne mai kyau, yaran sun kama shi nan da nan fiye da duk bayanin da na saba yi. Indiyawa kuma, duk mai kallon finafinansu ya san thoda thoda, a kicin suna cewa chutki bhar namak, cikin mintsini na gishiri, sauran kuma andaza, ƙiyasi.

Maƙwabciyata 'yar Maraɗi ce, ta yi boko da Faransanci, ita ta fi ba ni dariya. Ta ce su a can bayan pincée, wanda shi ne mintsinin, akwai soupçon, ma'anarsa zato. Wato ki sa yaji iya wanda mai ci zai yi zaton akwai, ba zai iya rantsuwa ba. Madara a shayi kuma nuage, gajimare. Bota noisette, girman wani ɗan ƙwallon itace nasu. Na ce mata a gidanmu in kika sa wa maigida zaton yaji a miya, shi ma zai ba ki zaton kuɗin cefane.

Kasuwannin garin nan ma makaranta ce ta wannan. Ki shiga Kasuwar Barci ko ta Kakuri ranar Litinin, Bayarabiya mai barkono tana cewa diye-diye, Inyamuri mai kayan miya yana cewa ntakiri ko obere, Bafulatana mai nono in kin ce ta ƙara ta ce seɗɗa, Babarbare ya ce gana, wadda muke ji a sunaye irin su Babagana, mai Turancin kasuwa kuma ya ce small small. Kowa da kalmarsa, kuma babu wanda zai iya gaya miki giram nawa ne. Amma duk sun haɗu a kan guda ɗaya tamu: gyara. Har Legas da Fatakwal jara suke cewa. Ita ma ba ta da awo, ta danganta da yawan sayayyarki da yadda kika gaisa da mai kaya.

Larabci kuwa tun a Islamiyya muka san nasa. Malaminmu yakan kawo ƙwallon dabino ya nuna mana abu uku a jikinsa da Alƙur'ani ya ambata: fatil, ɗan zaren da ke cikin tsagin, da naƙir, ɗan ɗigon da ke bayansa, da ƙiɗmir, siririyar fatar da ta lulluɓe shi. Biyun farko suna cikin Suratun Nisa'i, na ukun a Suratu Faɗir. Ga ƙwayar komayya, ga miskala zarratin ta Suratuz Zalzala wadda ta shige bakin kowane Bahaushe, har wanda bai san daga ina ta fito ba yana cewa "ko miskala zarratin ban ji tsoro ba."  

Wani amfani da ban saye su dominsa ba amma na same shi: masu hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa kaɗan da cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙule da burodi da komai. Cokalin shayi Pinch 16 ne. Yayata da likita ya ce ta rage gishiri ta ari nawa, ta auna abin da take barbaɗawa a kan dafa-duka bayan an riga an sa a tukunya, ta kira ni tana salati. Ga irin wannan, ganin abin da ido ya fi a yi ta faɗa mata.

Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa ma, in babu na leda a kusa, ƙa'idar ita ce lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali. Tad biyu ke nan cif. A nan gishiri in ya yi yawa illa ne ga yaro, don haka awo ya fi ƙiyasi. Duk da haka, a Bangladesh ƙungiyar BRAC ta bi gida-gida daga 1980 tana koya wa miliyoyin iyaye mata haɗa shi da hannu kawai: gishiri da yatsu uku, mazarƙwaila cikin dunƙulen hannu ɗaya, ruwa rabin lita. Sun zaɓi yatsu ne don kowace uwa tana da su, amma sai da aka tsaya a kan kowacce ta haɗa a gaban mai koyarwa. Maganin asibiti na yara kuwa kada a kusance shi da waɗannan cokulan, a yi amfani da murfi ko sirinjin da ya zo da kwalbar.

Wa zan ce ta saya? Mai kek, mai kayan gara, mai haɗa yaji ko garin kunu na sayarwa da take so na wannan satin ya yi daidai da na wancan, mai koyar da yara, da mai dafa wa marar lafiya. Masu haɗa humra da turaren wuta ma na ga zai yi musu amfani wajen garin miski da farce. Uwargidan da tuwo da miya ne aikinta, kuma hannunta ya riga ya faɗa, ta riƙe kuɗinta ta sayi nama. A cikin biyar ɗin uku nake ɗauka kullum, Tad da Dash da Smidgen. Pinch jefi-jefi. Da ana sayar da su ɗai-ɗai da ban ɗauki Drop ba, kuma 4,500 ta yi yawa a kan abin da maƙeran Panteka za su iya bugawa da dogon hannu a rabin kuɗin, in da wani zai kai musu samfuri.

In za ki saya, kada ki karɓa a leda ki tafi, don shagon ba sa karɓar kaya in an fita da shi, kuma na ga wani saiti a wurin wata abokiyar sana'a da Pinch da Smidgen ɗinsa kusan girmansu ɗaya. Ki tafi da ɗan gishiri mai laushi a ƙulle. Ki cika Dash sau biyu, kina shafe bakin da katin waya, ki juye a Tad. In ya cika daidai, ki gwada Pinch biyu a cikin Dash. In ya zube ko ya rage da yawa, ki ce a ɗauko miki wani. Ki kuma duba gefen bakin da yatsa, wasu suna da kaifi, suna yankar soso wajen wanki.